Maganin kariyar ƙanjamau a asibitinmu: maganin ya yi, tsarin ne da saura

Ƴan uwa mata ana ta tambayata a kan PrEP ɗin nan, wato maganin kariya daga kamuwa da ƙanjamau, da ake bayarwa a asibiti, toh bari in faɗi abin da na gani, dan ni nake raka ƙanwata karɓowa daga ƙauyenmu nan kudancin Kano. Mijinta na ɗauke da cutar, bai ɓoye mata ba, ita kuma Allah ya tsare ta, shi ne aka ɗora ta a kai har nashi maganin ya danne cutar.

Ta ɓangaren malamar da ke bayarwa wallahi sai sam barka. Ba tsawa ba kallon banza, ta zaunar da ita ta ce ƙanwata wannan ba maganin masu cuta bane, na wanda bai kamu ba ne, ƙwaya ɗaya kullum, kuma mace sai ta jera kwana 7 tana sha kafin ya fara tsare ta. Ta gwada jininta kafin a fara, ta ce za a riƙa maimaitawa duk wata 3, ta kuma faɗa mata gaskiya cewa baya hana ciki baya hana ciwon sanyi, kuma satin farko za ta iya jin tashin zuciya da ciwon kai amma yana wucewa. Haka kuwa aka yi. Ko sisi ba a karɓa ba.

Inda matsalar take, ɗakin da masu cutar ke karɓar nasu nan ake ba da wannan, layi ɗaya benci ɗaya, kuma kun san ƙauye, duk wanda ya gan ki a ƙofar ɗakin nan kafin ki hau acaɓa labari ya riga ki isa gida. Ga robar maganin kamarta ɗaya da ta masu cutar, ga ƙara in ta motsa a jaka, yarinya ƴar shekara 20 a gidan yawa, ga uwar miji ga facaloli ga yara masu bincike, ina za ta ɓoye? Ni na san yaran da suka karɓa wata ɗaya basu sake komawa ba, ba dan basa tsoron cutar ba, bakin mutane suka fi tsoro. Wata kuma kuɗin mota ne, wata sai maigida ya ba da izinin fita, wata ta ce lafiyata ƙalau me zai sa in ta haɗiyar ƙwaya. Maganin nan kuwa in ana sha ana tsallakewa kariyar raguwa take, mace na zaune tana ganin ta tsira alhali ba haka bane, wannan shi ya fi tayar min da hankali.

Ƙanwata da sallar isha'i ta haɗa shi, tana sallamewa sai ta sha, da azumi ma bai dame ta ba.

Dokar gwaji kafin aure da gwamnatin Kano ta sa hannu a 2024 ta taimaka, amma bayan an ɗaura fa? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mata ƴan shekara 20 zuwa 24 sun ninka maza sa'anninsu sau uku wajen kamuwa, kenan yaranmu ne a gaba.

Dan Allah masu asibiti ku mayar da shi ɗakin awo ko na tazarar haihuwa, inda kowace mace ke shiga ba mai tambayarta. Sannan allurar nan lenacapavir ta sau biyu a shekara, wadda aka gwada a Afirka ta Kudu da Uganda a 2024 ba a samu ko mace ɗaya cikin waɗanda aka yi wa ta kamu ba, mun tambaya an ce bata iso wajenmu ba tukuna. Ranar da ta iso ni zan fara kai ƙanwata.