Damina uku da ma'aunin ruwan sama na roba a garkata

Irin kuɓewa da na yakuwa na je saya a wani shagon kayan noma da ke kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, ana saura ƴan kwanaki damina ta faɗi. Ina ƙirga canji sai yaron shagon ya ɗauko wani abu daga saman kanta, ya share masa ƙura da gefen rigarsa, ya ce, "Baba, kai da kullum kake kukan kuɗin ruwa, ga abin da ya dace da kai." Kofi ne na roba mai haske, dogo, bakinsa da faɗi, gindinsa a tsuke kamar mazurari, an zana masa layuka da lambobi a jiki. Ma'aunin ruwan sama ke nan. Jaka uku ya ce, muka daidaita a jaka biyu da rabi. Yau damina uku ke nan ina aiki da shi, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi alherinsa da aibinsa.

Ƙorafina na farko a kan shagon yake. Sun ba ni kofin tsurarsa, babu sandar kafawa, babu takardar bayani, kuma babu wanda ya gaya mini inda ake ajiye shi. Na kai shi garka na ɗaure a jikin shinge, kusa da bishiyar bedi, na yi sati biyu ina rubuta lambobin da ba su da amfani. Sai da wani malamin gona ya biyo ta wurin ya ce, "Alhaji, nan ai ganyen bedi kake aunawa." Ya nuna mini cewa a fili ake kafa shi, a kan sanda miƙaƙƙiya wadda ta haura mita ɗaya, bakinsa a daidaice, kuma nisansa da bishiya ko katanga ya kai aƙalla ninki biyu na tsayinsu. A duba shi lokaci ɗaya kowace safiya, ido daidai da saman ruwan, a rubuta, a zubar. Bayanin bai ɗauke shi minti biyar ba. Mai sayar da kaya ya kamata ya san wannan.

Da na gyara masa wuri, abin da ya fara koya mini shi ne hadari daban, ruwa daban. Duk ɗan Damagaram ya san yadda gabas ke haɗuwa a watan Yuni: sama ta yi ja, iska ta taso da ƙura har a rufe tagogi, a yi tsawa, kwano ya yi ta ƙara. Da safe ƙasa ta yi duhu, ƙamshinta ya cika hanci, mutum ya ce yau an huta da ban ruwa. Wata safiya irin wannan na tsuguna gaban kofin, na ga milimita 4. Na tona fangalin yakuwa da yatsa, ban kai gaɓa ta biyu ba na tarar da busasshen rairayi mai ɗumi. Da can da na koma gida abina, zuwa azahar ganye ya lanƙwashe.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya a cikin kofin yana nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Ɓangaren da nake shuka kayan miya murabba'in mita 20 ne, saboda haka in na ga milimita 10, na san Allah ya zuba mini lita 200, wato bido takwas na lita 25. A garin da yake zaune kan dutse, inda rijiya ba ta samuwa ko'ina, ruwan fanfo kuma daga nesa ake jawo shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya taɓa jiran mai ga-ruwa da rana tsaka ya san darajar bido takwas. Yanzu ƙa'idata ita ce, in bai kai milimita 5 ba ina ban ruwa kamar ba a yi komai ba. In ya haura 15 na kan bar arozuwar ban ruwa ta huta kwana biyu, wani lokaci uku in gari ya kasance a lumshe.

Wajen shuka ma ya hana ni gaggawa. Malaman gona kan ce a jira ruwan da ya kai milimita 20 kafin a sa iri, don ƙasa ta sha yadda tsiro zai iya jure ƴan kwanakin fari da kan biyo bayan ruwan farko. Mahaifina da hannu yake gane wannan, ya tona rami ya dunƙula ƙasar ya ga ko ta kama. Ni ma har gobe ina yin haka, amma yanzu hannu da lamba ke shaidar juna, kuma tun da na fara ban sake shuka kuɓewa sau biyu a damina ɗaya ba.

Akwai ɗan fili a bakin garkar da na dasa ciyawar kiri-kiri, inda jikoki ke wasa, mu ma mu shimfiɗa tabarma da la'asar. Da bazara takan bushe ta koma kalar ƙasa, har ka ce ta mutu. Na lura a kayen da nake rubuta lambobin ruwa cewa yayyafi uku ko huɗu ba sa motsa ta, amma ruwa ɗaya mai kyau ya isa, cikin kwana huɗu sai ka ga kore yana leƙowa daga gaɓoɓinta. Tun daga nan na daina ɓarnar ruwan saye a kanta a watan Mayu. Abin da ke zuwa tare da ita kuma shi ne ƙarangiya, wadda dole a cire tun ba ta yi ƙaya ba.

Agusta ne watan da na fi jin daɗin kofin. Ruwan shekararmu gaba ɗaya bai wuce wajen milimita 400 ba a yawancin shekaru, kuma kaso mafi girma a Yuli da Agusta yake sauka. In marka ta kama, matsalar ta juya: tumatir ya yi rawaya, saiwarsa ta ruɓe, ciyawa ta fi shuka sauri. Idan na haɗa lambobin kwana uku na ga sun yi yawa, tun kafin ganye ya nuna alama nake ɗaukar fartanya in buɗe wa ruwa hanya. Sannan ga wani abu da na daɗe ina ji amma ban tabbatar ba sai yanzu. Adadin da ake karantawa a rediyo na inda aka auna ne, ba na garkarka ba. Ƙanena da ke Miriya ya sayi irin nawa, kuma sau da yawa in na kira shi da safe na ce, "Malam, nawa kuka samu?" sai ya kira lamba mai kauri alhali nawa kofin ko jiƙewa bai yi ba, tsakaninmu kuwa bai kai kilomita 20 ba.

Aibinsa a jikinsa yake. Robar ba ta jure ranarmu. A damina ta biyu lambobin suka fara dusashewa, sai da na bi su da tsinin wuƙa na cike da baƙin fenti. Yanzu ta yi rawaya, bakin ya tsage kaɗan. In ka makara ba ka duba da safe ba, rana ta shanye wani abu daga ciki. Ƙura da tururuwa masu fiffike kan taru a gindinsa, wurin kuma ya yi tsukun da hannu ba ya shiga, sai da kara da tsumma. A daminar 2024, wadda tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a cikinta farkon Satumba, na yi kwana biyu ban samu zuwa garka ba, na tarar ya cika ya tumbatsa, lissafin waɗannan kwanaki ya ɓace mini. Ba ya kuma gaya maka ko ruwan a hankali ya sauka ƙasa ta sha, ko cikin rabin awa ya zubo ya gudu da taki.

Duk da haka zan sake sayensa, kuma ina ba duk mai garka ko ɗan lambun tsakar gida shawarar ya nema. Ka duba wanda lambobinsa a sassaƙe suke cikin robar, ka ɗaga shi sama ka ga ko akwai tsaga, ka sayi kaye guda da ba za ka rubuta komai a ciki ba sai ruwa. Da kaka ta shigo ka cire shi, ka wanke, ka ajiye a ɗaki. Nawa yana rataye bayan ƙofa cikin leda, sandarsa kuwa na bar ta a kafe sai watan Mayu.