Gargaɗi: Ku Yi Hattara da Masu Tallar “Tsohuwar” Butar Shayin Yixing

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu zuwa sarin kaya Guangzhou da Yiwu a ƙasar Chaina. Abin da ya faru da wani abokin kasuwancina ne ya sa na rubuta wannan, kuma da izininsa nake faɗa, don ya ce kada wani ya sake faɗawa ramin da ya faɗa.

Wani dillali ya haɗu da shi a wajen cin abinci, ya yi masa tafinta sau biyu kyauta, suka saba. Daga baya ya fara turo masa hotunan ƙananan butocin shayi na yumɓu irin na garin Yixing, masu launin hanta, ya ce wani tsoho ne ke sayar da kayan gadonsa saboda rashin lafiya. Ya ce ɗaya ta zamanin tsohuwar daular Qing ta Chaina ce, biyu kuma aikin hannun shahararren magini Gu Jingzhou ne, ga hatimi a gindi, ga takardar shaida mai jan tambari. Abokina bai taɓa riƙe su ba ya tura kuɗin da ya ware na kaya. Cinikin biri a sama ke nan. Da ya dawo ya kawo mini su, don ya san na daɗe ina shan irin shayin 'yan Chaina kuma na taɓa zuwa inda ake ƙera butocin. Na zuba tafasasshen ruwa a ɗaya, sai warin man goge takalmi ya tashi. Na goga farin ƙyalle, ya fito da baƙi.

Abin da ke sa wannan damfara ta ci mutane shi ne rabin labarin gaskiya ne. Yixing gari ne a lardin Jiangsu, kusa da tafkin Tai, kuma a yankinsa na Dingshu ake sana'ar ƙera waɗannan butoci. Yumɓun da suke kira zisha ba irin na bakin rafi ba ne. Dutse ne ake haƙowa, wanda ya fi suna daga tsaunin Huanglong, a bar shi rana da ruwan sama su farfasa shi, a niƙa, a tankaɗe, a kwaɓa, a ajiye ya daɗe kafin a taɓa shi. Akwai mai launin hanta, akwai ja, akwai mai ɗorawa-ɗorawa. Ana danganta farkon sana'ar ga Gong Chun, wani bara da aka ce ya koya wurin wani mai ibada a haikalin Jinsha, zamanin sarki Zhengde na daular Ming, tsakanin 1506 da 1521. Bayansa aka yi gwanaye irin su Shi Dabin da Chen Mingyuan. A 2006 gwamnatin Chaina ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Shi kuwa Gu Jingzhou, an haife shi a 1915, ya rasu a 1996, kuma shi ne sunan da ya fi kowane tsada a wannan fanni. A 2015 an sayar da wani saitin kayan shayinsa a gwanjo a Beijing kan yuan miliyan 92, kuɗin Chaina. To don Allah, wanda ke riƙe da butar wannan mutum guda biyu, me zai kai shi neman baƙo ɗan Afirka a gidan abinci? Manyan attajiran ƙasarsu suna nan suna jira da kuɗi a hannu. Hatimi kuwa sassaƙa shi ake yi, ba wuya. Takardar shaida ma ta fi hatimin sauƙin bugawa.

Matsalar ba ta tsaya kan suna ba, har yumɓun ana ha'inci a kai. A 2005 hukumomin Yixing suka hana haƙa a tsaunin Huanglong, kayan ya yi tsada, masu algus suka samu ƙofa. A 2010 gidan talabijin na gwamnatin Chaina, CCTV, ya tona yadda wasu ke haɗa yumɓu na gama-gari da sinadarai don ya ba da launi. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, domin abu ne da za ka zuba ruwan zafi a ciki ka sha, ka ba baƙonka.

Ta gaske ba a juya ta a kan faifai. Magini yakan buga yumɓun da guduma ta katako har ya zama falle, ya yanka, ya naɗe, ya riƙa bubbugawa da 'yar filafili yana tallafe da yatsu daga ciki har cikin butar ya fito. Sannan ya haɗa gindi da hanci da mariƙi, ya goge jikin da ɓallin ƙahon sa, a gasa a zafin da ya kai maki 1100 zuwa 1200 a ma'aunin Celsius. Ba a shafa mata komai. Akwai waɗanda ake gyara siffarsu da mazubi, kuma ba laifi ba ne in an faɗa maka haka. Ta jabu ita ce wadda ake tsiyaya ruwan yumɓu a mazubi kamar kunu. Ka haska tocila a ciki: za ka gan ta sumul, ba tsakuwa-tsakuwar yashi, ba sawun kayan aiki. Na abokina haka suke, ga su ba nauyi kamar kwanon roba.

Kada kuma a ruɗe ku da wasan da dillalai ke yi a bidiyo, su toshe hudar murfi ruwa ya tsaya, ko su ƙwanƙwasa a ji ƙara. Wannan na nuna murfi ya zauna daidai ne kawai, kuma ta mazubi ma tana yin haka.

Ƙyallin da ake nema a tsohuwar buta, shayi ne da hannu da shekaru ke kawo shi. Jikinta na da ƙananan ƙofofi kamar randarmu, yana shan ɗanɗanon abin da aka zuba, shi ya sa masu ita ke ware buta ɗaya ga shayi iri ɗaya. Ba a wanke ta da sabulu. Ka zubar da ganye, ka ɗauraye da ruwan zafi, ka goge da ƙyalle mai laushi, ka bar ta a buɗe ta bushe. A hankali sai ta yi sheƙi mai sanyi. Masu ha'inci ba su da wannan haƙurin, sai su dafa sabuwa cikin baƙin shayi, su shafa kaki ko man takalmi, su cusa datti a lungunan mariƙi. Sannan wanda ya ce maka za ka iya ɗora ta kan gawayi ka dafa ataya da sukari, bai san ta ba, ko yana so ya rabu da ita ne. Jiƙa ganye ake yi a cikinta, wuta kai tsaye na iya tsaga ta.

Ga ɓangaren da ya sa na ce dole in yi magana yau. Mako biyu bayan cinikin, wata lamba ta kira abokina, wai daga wani kamfanin gwanjo, sun ji yana da kayan tarihi, suna da mai saye da zai ninka masa kuɗinsa sau goma, amma sai ya fara biyan kuɗin tantancewa da na buga hoto a kundin gwanjo. Wa ya ba su lambarsa in ba dillalin ba? Allah Ya taimaka ya tambaye ni kafin ya tura. Duk wanda aka yi wa irin wannan kira, kada ya ƙara ko sisi. Ya adana saƙonni da rasidin tura kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma sanar da shugabannin 'yan kasuwarmu na can, don na tabbata ba abokina kaɗai wannan mutumin ya yi wa tafinta kyauta ba.

In sha'awar butar kake yi don shan shayi, ka sayi sabuwa a shago mai mazauni, ka riƙe ta a hannunka, ka sa a zuba mata ruwan zafi a gabanka ka sansana. Butocin nan uku suna wurina. Duk ɗan uwan da ke shirin tafiya ya biyo ya gan su, ya ji warin da kansa kafin ya hau jirgi.