Football Manager 2024: gwajin korar koci a tsakiyar kaka, daga kan kwamfutarka

Duk gidan kallon da ka shiga ranar da babbar ƙungiya ta sha kashi, maganar ɗaya ce: a kori koci, ko a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen kaka. Masu cewa a kora suna da hujja. Chelsea ta sallami Lampard a Janairun 2021, Tuchel ya zo, watan Mayu bai ƙare ba sai ga kofin Zakarun Turai a hannunsu. Masu cewa a yi haƙuri su ma ba su rasa ta cewa ba: Watford ta kori koci uku a kakar 2019/20, kuma duk da haka ta faɗa rukuni na biyu. Football Manager 2024, wanda kamfanin Sports Interactive ya haɗa, SEGA ta fitar a Nuwamban 2023, yana ba mutum damar zama kan kujerar sabon kocin ya ga abin da ido.

Ba irin wasan da ake riƙe da na'ura ana buga ƙwallo ba ne. Kai ne mai horarwa: zaɓen ƴan wasa, tsarin wasa, atisaye, cinikin ƴan wasa, har da amsa tambayoyin ƴan jarida. Kwamfutar da ke da RAM 4GB da sararin ajiya kamar 7GB za ta ɗauke shi, amma idan ka loda gasanni da yawa za ta riƙa jan ƙafa, batir kuma ya zube tun kafin a dawo da wuta. Ƙasa ɗaya ko biyu sun isa.

Ga yadda ake gwajin. Ka fara sabon wasa a matsayin wanda ba shi da aiki, ka ba kanka babbar takardar shaidar horarwa da tarihin tsohon ɗan wasan ƙasa, domin in ba haka ba babu ƙungiyar Firimiya da za ta kira ka ko da hira. Sai ka tafi hutu zuwa Disamba, wasan ya ci gaba da kansa. In ka dawo, shafin neman aiki zai nuna maka kujerun da suka zama babu kowa da waɗanda ke rawa. Ka nemi ɗaya, ka wuce hirar shugabanni, sannan ka ajiye wasan gida biyu kafin karawar farko. A ɗaya ka bar tsarin da ka tarar, a ɗayan ka rushe shi ka kawo naka.

Nan ne wasan ya yi abin a yaba masa. Akwai ma'aunin da ke nuna yadda ƴan wasa suka saba da tsari: jeri, saurin kai hari, faɗin fili, yadda ake matsa wa abokin karawa. Ka mayar da ƙungiyar da ta saba da ƴan baya huɗu zuwa uku, ma'aunin ya faɗi, kuma za ka gani a fili: ɗan bayan gefe ya haura bai dawo ba, na tsakiya biyu suna kallon juna wa zai rufe gurbin. Gyaran yana buƙatar makonnin atisaye, alhali a Disamba da Janairu a Ingila kusan duk bayan kwana uku ko huɗu akwai wasa. Magoya bayan Manchester United sun san wannan ciwon. Amorim ya zo a Nuwamban 2024 da tsarinsa na 3-4-3, ya tarar da ƴan wasan da aka saya domin wani salo daban, aka ƙare kaka a mataki na 15.

Shafin da suka kira Dynamics shi ne ɗaya ɓangaren gardamar. Yana nuna waye jagora a ɗakin canza kaya, waye ke da mabiya, waye ya yi fushi saboda an saɓa masa alkawari. Idan abin da ya kashe ƙungiyar rashin jituwa ne da tsohon koci, to ganawa ɗaya mai kyau da ƴan wasa, yabo inda ya dace, da mayar da kyaftin cikin sha ɗayan farko, suna iya tayar da su ba tare da an sayi kowa ba. Haka ta faru da Leicester a 2017: an kori Ranieri a Fabrairu, mataimakinsa Shakespeare ya ci wasanni biyar na farko a gasar da ƴan wasan nan dai. Haka kuma Kwaddibuwa ta sallami Gasset ana tsaka da gasar cin kofin Afirka, mataimakinsa Faé ya karɓa ya doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe, abin da har yanzu ba a son tunawa. Amma ka kuskura ka ajiye jagoran a benci a makonka na farko, sai ka ga rabin ƙungiya sun zo ofishinka da ƙorafi.

Aibinsa ba ya ɓuya. Ɗaga ƙwarin gwiwar ƴan wasa ya fi sauƙi a nan fiye da yadda yake a zahiri, wanda ya gane maɓallan da ake dannawa zai riƙa maimaita su. Tambayoyin ƴan jarida kuwa gundura ce tsantsa, gara ka tura mataimakinka. Kuɗin sallamar tsohon koci, wanda shi ne ke hana shugabanni barci, kai ba ka jin zafinsa domin an biya kafin ka iso. Babu gasar Najeriya ko ta Nijar a cikin waɗanda ake bugawa, Afirka ta Kudu kaɗai aka saka daga nahiyar, don haka mai son ceto Kano Pillars sai ya nemo ƙarin fayil da masoya wasan suka haɗa. Rubutu ne da yawa, da Turanci ko Faransanci, babu Hausa.

Na waya, wanda aka fitar ta rajistar Netflix a 2023, an rage masa abubuwa sosai. Mai son wannan gwajin ya nemi na kwamfuta, kuma ya buga aƙalla wasa goma a kowane ajiya kafin ya kwatanta maki, domin biyar na farko suna yaudara.