Foldar haɗaka ta VirtualBox da daren da na share aikina da hannuna

Wata takwas ke nan ina amfani da VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfuta a cikin taka, a kan Windows, da Ubuntu (wani nau'in Linux) a cikinsa a matsayin baƙo. Kafin na gano foldar haɗaka, wato foldar da Windows da Ubuntu duk suke iya buɗewa, duk fayil ɗin da nake so ya tsallaka sai na tura wa kaina ta imel, na je ɗaya ɓangaren na sauke. Wauta ce, na sani. Ranar da na saka Guest Additions, ƙarin manhajar VirtualBox da ake sakawa a cikin baƙo, na zaɓi folda, na danna Auto-mount don ta riƙa fitowa da kanta, sai ga ta a cikin /media da sf_ a gaban sunanta. Da farko ta ƙi buɗuwa, wai ba ni da izini. Ashe sai na sa sunana a rukunin vboxsf da umarnin usermod, na fita, na sake shiga. Daga nan kuwa sai daɗi: in gyara rubutu a Windows, kafin in waiga ya canza a Ubuntu. Da a wancan makon na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan bayar ko tunani ba zan yi ba.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Wani dare ina gwada ɗan shirin da na rubuta don share tsofaffin fayiloli. Da yake na san abu ne mai haɗari, sai na fara ɗaukar sinafshot, wato hoton halin da baƙon yake ciki, don in abu ya lalace in koma baya. Raina fes. Na kunna shirin, ya gama cikin ƙiftawar ido. Na leƙa foldar haɗaka, wayam! Kuskuren harafi ɗaya a hanyar folda ya kai rm -rf, umarnin share folda da duk abin da ke cikinta, inda ban aike shi ba. Wallahi dariya ma na yi, na ce ai ina da sinafshot. Na mayar da shi, Ubuntu ya tashi tsaf kamar yadda na bar shi, amma foldar tana nan wayam. Na sake mayarwa. Wayam.

A nan gumi ya karyo min. Na ruga kwandon sharar Windows, babu ko ɗaya, domin abin da aka share daga cikin baƙo ba ya bi ta can. Aikin mako uku ne a ciki. Na zauna ina huci ina neman wanda zan ɗora wa laifi, sai da na huce na gane ni ne. Sinafshot faifan baƙo da saitunansa yake adanawa. Ita kuwa foldar haɗaka ba a faifan baƙo take ba, a ɗakin mai masauki take, wato Windows, taga kawai aka buɗe wa baƙon yana miƙa hannu. Ni na ba shi izinin rubutu da sharewa, ga akwatin Read-only, mai hana baƙo rubutu da sharewa, a gabana tun ranar farko, ban taɓa kallonsa ba.

Tunda na fara, bari in faɗi sauran. Folda ce ta miƙa fayil, ba wurin zaman aiki mai nauyi ba. Da na zuba mata aiki mai dubban ƙananan fayiloli sai tafiya ta koma ta hawainiya, kuma mahaɗar da ake yi da umarnin ln -s, wato fayil mai nuni zuwa wani fayil, a toshe take daga farko, saboda tsaro aka yi hakan da gangan. Irin wannan aikin yanzu a faifan Ubuntu yake zaune, in na gama in kwafo shi da rsync, umarnin kwafar fayiloli.

Tauraro nawa zan ba ta ke nan? Jiya na ce uku, yau da safe da na jawo hotuna talatin cikin sakan kaɗan na ce huɗu. Folda biyu nake haɗawa yanzu: babbar a Read-only, da wata ƙarama da na sa wa suna "tsallake", wadda ko ta ƙone ba asara. Rabin aikin na tsinto a tsofaffin imel ɗin nan da nake yi wa dariya. Akwai fayil ɗaya da har yau ina tuna sunansa, amma abin da na rubuta a ciki ya ƙi dawo min.