Rakiyar ɗan jagora zuwa Meiji Jingu: ta cancanci kuɗinta?

'Yan Katsina da Daura da ke zuwa Tokiyo karatu ko fatauci kan tambaya ko sai da ɗan jagora ake zagaya Meiji Jingu, wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Harajuku. Shiga kyauta ce. Bayani ake biya wa kuɗi, kuma in an dace da gwani, ya cancanta.

Gwani zai faɗa muku an gina wurin a 1920 don tunawa da Sarkin Japan Meiji da matarsa Shoken, ya ƙone a harin jiragen sama na 1945, aka sake gina shi a 1958. Dajin da ya kewaye wurin dasa shi aka yi, da itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka bayar. Zai nuna muku cewa bayan babbar ƙofar katako, torii, gefen hanya ake bi, tsakiya ta abin bautarsu ce. A wurin ruwa, ana wanke hannun hagu, sai dama, sai a kuskure baki da ruwan tafin hannu. In akwai ludayin ɗiban ruwa, ba a kai shi baki.

Inda ake samun matsala shi ne gaban babban zaure. Masu bauta na rusunawa sau 2, tafi 2, rusunawa 1, kuma wasu jagororin kan ce kowa ya kwaikwaya. Ku sanar da shi tun farko cewa ku Musulmi ne, kallo da tarihi suka kawo ku. Ba a tilasta wa kowa.

A sa takalmi mai ƙwari, hanyar tsakuwa ce. A guji ranakun farkon Janairu saboda cunkoso. Da faɗuwar rana ake rufewa.