Bindigar farauta mai matsakaicin harsashi: ta wane kamfani za ka ɗauka?

Kusan duk wanda ya zo neman shawara kan bindigar farauta, tambayarsa ta farko ita ce: ta wane kamfani ce ta fi? Ni kuwa nakan ce ya dakata tukuna, ya gaya mini me zai harba, daga wane nisa, kuma wane harsashi yake da tabbacin samu duk ranar da ya nema. Sunan da aka zana a jikin ƙarfe shi ne abu na ƙarshe. Injinan da ake sassaƙa ƙarfe da su a yau sun kai inda bindiga mai araha ma takan tara harsashi uku a wurin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba daga nisan mita 100. Wannan shi ne ma'aunin da kamfanoni ke rubutawa MOA ɗaya, suna alfahari da shi a talla. Ƙirjin barewa kuwa ya ninka wannan faɗi sau da yawa. Ashe ke nan ba a saiti bambancin yake ba. Yana a kunama, da ƙota, da sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bindiga), da nauyin da kafaɗarka za ta yini tana ɗauka.

Idan an ce matsakaicin harsashi, ana nufin wanda kaurin ƙwayarsa ya kama daga milimita 6 zuwa wajen 8. Ƙasa da haka na zomo ne da ƙananan dabbobi. Sama da haka kuma an shiga sahun manyan harsasai irin su .375 H&H, wanda ya fito a 1912, kuma ƙasashe da dama a Afirka suka mai da shi mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a fuskanci ɓauna ko giwa da shi. Tsakanin waɗannan biyun ne ake samun abin da zai kayar da gada, barewa, gadu, kanki, har gwanki idan harbin ya sami gurbi.

A wannan sahu, .308 Winchester ne nake fara ambata wa kowa. Ya fito a 1952, tsawon kwansonsa, wato gidan da albarushi ke ciki, milimita 51, ƙwayarsa yawanci tana da nauyin giram 9.7 zuwa 11.7, kuma mai giram 9.7 takan bar bakin bindiga da gudun kusan mita 860 a daƙiƙa. Kusan duk manyan kamfanonin harsashi suna yin sa, ba ya cin bututun bindiga da wuri, shurinsa kuma, wato bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa idan an harba, na mutunci ne. Yayansa .30-06 Springfield, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906, kwansonsa milimita 63 ne, don haka yana cin albarushi fiye da haka, yana kuma tura ƙwaya mai nauyi da ɗan ƙarin ƙarfi. Dabbar da aka harba ba za ta bambance su ba, kafaɗarka ce za ta bambance. Sai .270 Winchester na 1925, wanda kwansonsa daga na .30-06 aka tsuke shi. Ƙwayarsa mai giram 8.4 tana fita da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa, tana tafiya miƙe, shi ya sa masu farauta a fili fetal suke son sa.

Wanda ake ta yayi yanzu shi ne 6.5 Creedmoor, na kamfanin Hornady, 2007. Harsashi ne mai kyau: shuri kaɗan, ƙwaya doguwa siririya da iska ba ta cika kaɗa ta ba. Amma masu zuzuta shi kamar an saukar da sabon abu suna mantawa cewa 6.5x55 na Suwidin yana yin kusan wannan aiki tun 1894, kuma har yau maharban can suna kayar da manyan namun dajinsu da shi. Haka 7x57 na Mauser, na 1892. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai za ka sami zumar. Matsalar tsofaffin nan ita ce ba ko'ina ake ajiye su ba. Shi kuwa .243 Winchester na 1955 ya dace da mai ƙaramin jiki ko sabon shiga, amma iyakarsa barewa, kuma yana cinye bututu da sauri fiye da .308.

Abu ɗaya kafin ka yanke: duba dokar ƙasar da za ka yi farauta. Wasu suna ƙayyade mafi ƙarancin kauri ko ƙarfin harsashi ga kowace dabba, wasu kuma suna takura wa farar hula kan harsashin da ya yi daidai da na soja. Faransa ta daɗe a kan irin wannan doka kafin ta sassauta a 2013, kuma .308 da .30-06 duk tana shafar su a lokacin.

To, mu koma kan masu ƙera. Kusan duk bindigogin da zan ambata masu sakatar juyawa ne, wato irin da kake ɗaga hannun sakata, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga.

Tikka ta Finlan ita ce wadda na fi yawan nuna wa mutum. Kamfanin Sako ne ke yin ta a garin Riihimäki, kuma tun 2000 dukkansu suna hannun Beretta na Italiya. Samfurin T3x, wanda ya fito a 2016, abin da ya sa ake son sa biyu ne: sakatarsa tana zamewa sumul kamar an shafa mata mai, kunamarsa kuma tana yankewa tsaf ba tare da ja-in-ja ba, ana kuma iya daidaita nauyinta. T3x Lite nauyinta kusan kilo 3 ne. Ga inda za ta iya ba ka haushi: gidan harsashinta na roba ne mai cin uku a yawancin samfura, na canji kuma yana da tsada idan ya ɓata maka a daji. Sannan jikinta tsawo ɗaya ne ga dogon harsashi da gajere, don haka wanda ya zaɓi .308 bai sami ragin tsawon da wasu kamfanoni ke bayarwa ba. Rashin nauyinta ma takobi ne mai kaifi biyu. A .308 lafiya lau, amma a .30-06 da ƙwaya mai nauyi za ka san an harba. Sako kanta, yayar Tikka, ta fi ta ƙawa da gogewar ƙarfe, sai dai kuɗin da za ka ƙara na ado ne fiye da na nama.

Remington 700 labarinta daban ne. Tun 1962 take, an sayar da miliyoyi, kuma siffar jikinta ta zama ma'aunin da masu yin ƙota, kunama da mazaunin madubin saiti suke bi. A cikin masu sakata, babu bindigar da ta kai ta samun kayan canji. Amma kamfanin ya sha wuya: an daɗe ana shari'a kan tsohuwar kunamarta bisa zargin tana tashi ba a taɓa ta ba, a 2014 aka yi kiranyen bindigoginta masu kunama samfurin X-Mark Pro, kamfanin ya durƙushe a 2018 ya sake durƙushewa a 2020, tsohuwar masana'antarsa ta Ilion a jihar New York kuma aka rufe ta a 2024. Sabbin masu shi suna ci gaba da ƙera ta. Wanda zai sayi tsohuwa ta hannu, ya kai wa maƙerin bindiga ya duba kunamar kafin ya ɗora mata harsashi, ko ya canza ta gaba ɗaya. Wanda kuma siffar 700 yake so ba sunan ba, ga Bergara B-14 ta Sifaniya. Kamfanin ya fara suna ne da yin bututu kafin ya shiga haɗa bindiga sukutum, kuma yawancin kayan 700 suna hawa kanta.

A nan ne ya kamata a tsaya kan wata gardama da ta girmi yawancin masu yin ta. Akwai sakata iri biyu. Ta farko, wadda Paul Mauser ya kammala a samfurinsa na 1898, tana da doguwar ƙugiya a gefe da ke cafke gindin kwanso tun yana tasowa daga gidan harsashi, ba ta sakinsa har sai ta jefar da shi waje. Ta biyu tura harsashin kawai take yi, sai ya shiga mazauninsa sannan ƙaramar ƙugiya ta kama shi. Tikka, Remington, Howa, Savage duk na biyun ne. Masu son ta Mauser suna cewa ko a kife kake, ko a firgice ka ja sakata rabi ka mayar, harsashi biyu ba za su cushe maka ba. Gaskiya ne, kuma ga mai bin sawun ɓauna wannan magana ce ta rai. Ga mai jiran barewa daga mita 150 kuwa, da wuya ya taɓa ganin bambancin. In dai zuciyarka ta kwanta da mai ƙugiya, Winchester Model 70 ce gidanta. Ta fito a 1936, a 1964 kamfanin ya cire ƙugiyar don rage kuɗin ƙira, maharba suka yi ca, har yau ana neman na kafin 1964 kamar zinariya. Daga baya an dawo da ƙugiyar, kuma bayan rufe masana'antarta ta New Haven a Amurka a 2006, yanzu a Fotugal ake haɗa ta. Abin da na fi so a jikinta shi ne makullinta na hana tashin harbi mai matsayi uku: a tsakiya za ka iya buɗe sakata ka fitar da harsashi alhali kunama na kulle. Ruger Hawkeye ma tana da ƙugiyar da irin wannan makulli.

Howa 1500 ta Japan ba ta da masu yi mata kirari, kuma ban san dalili ba. Ƙarfe ce zalla, mai kauri, kunamarta mai mataki biyu. Ita ce dai Weatherby ke sayarwa da sunan Vanguard bayan an canza mata riga. Laifinta ɗaya nauyi, takan fi Tikka da kusan rabin kilo. Amma nauyin nan shi ke shanye shuri, don haka wanda farautarsa ta zama ce a maɓoya ba ta hawan dutse ba, ribarsa ce.

A ɓangaren masu sauƙin kuɗi, Savage da Ruger American ne ke gaba. Savage 110 tun 1958 ake yin ta, kunamarta AccuTrigger kuwa ita ta tilasta wa sauran kamfanoni gyara nasu. Ruger American ta zo a 2012. Dukansu suna saiti fiye da yadda kuɗinsu ya nuna. Inda aka yi tsimin shi ne ƙota: a samfura mafi araha roba ce mai laushi da kan lanƙwasa idan ka danna gabanta a kan wani abu, har ta taɓa bututu ta karkatar da harbi, sakatar kuma tana da ɗan gurzo. Araha ba ta ado, amma tana kawo nama gida. Browning X-Bolt, wadda Miroku ke ƙerawa a Japan, tana tsakiya: kyakkyawa, hannun sakatarta digiri 60 kawai yake ɗagawa, don haka ba ya gogar madubi. Na Jamus irin su Sauer 100 da Mauser M18 suna nan a wannan mataki. Blaser R8 mai sakatar da ake ja kai-tsaye ba sai an ɗaga hannunta ba, wadda ake sauya wa bututu cikin 'yan mintoci, wannan kuma ta masu hali ce.

Duk wannan bayani ba zai maye gurbin riƙe bindigar da hannunka ba. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka nufi inda babu kowa, ka rufe ido, ka ɗora ta a kafaɗa, ka kwantar da kunci, sannan ka buɗe. Idan idonka ya faɗa daidai layin saiti ba tare da ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai ba, ƙotar taka ce. Idan sai ka yi ta gyara zama, ajiye ta, ko da sunan wa ke jikinta. Ka nemi izini ka ja kunamar: wadda ke yankewa a wajen kilo 1.2 zuwa 1.5 ta isa farauta, mai nauyi tana janye saiti, mai sauƙi ainun kuma haɗari ce ga yatsan da ya yi sanyi ko yake rawa. Ka taɓa makullin ka ji ko yana ƙara, don dabba tana jin ƙas ɗin ƙarfe daga nesa. Bahago ya tambaya tun farko, Tikka da Savage suna da samfuran hagu da dama, wasu kuwa kaɗan ne ko babu.

Bututu mai tsawon santimita 51 zuwa 56 ya wadatar wa .308, amma .270 da .30-06 sun fi son 56 zuwa 61 don albarushinsu ya gama ci. Ƙotar katako ta fi kyan gani, sai dai tana shan danshi ta kumbura, saiti ya gusa. Mai farauta cikin ruwa da raɓa ya ɗauki ta roba mai tauri da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa.

Kuma kada ka ƙarar da guzurinka a kan bindigar ka zo madubin saiti ka saya na banza. Mafi yawan dabbobi da asuba ko da magariba suke fitowa, lokacin da madubi mara kyau ke zama duhu. Matsakaiciyar bindiga da madubi nagari mai ƙara girma sau 3 zuwa 9, da zobba masu riƙo, ta fi ta alfarma da aka ɗora wa gilashin wasa. Ka kuma ware kuɗin kwalaye uku ko huɗu na harsashi iri daban-daban, domin kowane bututu da irin wanda yake so, bindiga biyu daga layi ɗaya ma sukan saɓa.

Da ni za a ba zaɓi ɗaya, Tikka T3x zan ɗauka a .308, mai bututun santimita 57 ko ƙasa, in sayi gidan harsashi na biyu tun ranar farko. Da kuma kafaɗata ba ta son shuri, ko tafiyar ƙasa ba ta cikin farautata, Howa zan ɗauka, ragowar kuɗin in zuba a madubi.