Sama-da-ƙasa ko ta jere: wace mai baki biyu ce za ta yi farauta, ta kuma yi harbin faifai?

Malam, ka ce bindiga ɗaya tak kake so, wadda za ka fita da ita farautar zabo da fakara a dazukan Filato, ranar hutu kuma ka yi wasan harbin faifan yumɓu da ita, amma ka rasa wadda za ka ɗauka cikin uku: fam-akshan, mai bututu ɗaya da ake ɗura wa harsashi ta hanyar jan katakon gaba baya da gaba, ko mai baki biyu da bututunta ke jere gefe da gefe, ko wadda bututu ɗaya ke bisa ɗaya. Ta ƙarshen nan, wato ta sama-da-ƙasa, muke ba ka shawara, geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin ramin bututu), bututu mai santimita 71, mai cok (matsin bakin bututu) na kwancewa.

Fam-akshan dai doka ce ta cire ta tun kafin a zo maganar kyau. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta cikin rukunin da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, amma ta ware mai sarrafa kanta da duk wadda ke da wata na'urar ɗura harsashi. Waɗannan sun faɗa rukunin da sai da izinin Shugaban Ƙasa. Don ka ga tana yawo a hannun mutane, wannan bai halatta maka ita ba. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka ka fara zuwa hedikwatarsu ta jiha a Jos ka ji inda aka kwana kafin ka ba kowa ko sisi. Ciniki kuma sai wurin dillali mai rajista, lambar jikin bindiga ta zo daidai da ta takarda. Saura biyu ke nan.

A wajen saiti ne ta sama-da-ƙasa ta fara yin gaba. Ido yana bin layi ɗaya siriri, abin harbi bai ɓuya ba. Ta jere kuwa tana da faɗi a gaban ido, in tsuntsu ya tashi sama tsaye ko faifai ya hau, bututun biyu kan tare shi. Na biyu, naushi, wato bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa in an harba. Bututun ƙasa na ta sama-da-ƙasa yana kusan layi ɗaya da kafaɗa, don haka in ka fara da shi baki ba ya ɗagawa sosai, harbi na biyu ya same ka a kan layi. Ta jere takan ɗan murɗa gefe, domin kowane bututu yana gefen tsakiya. Na uku kuwa zafi ne, kuma shi ne mafarauci ba ya tunawa da shi sai ya je filin wasa. A daji ƙila ka wuni ba ka yi harbi biyar ba, amma zagaye ɗaya na wasa faifai 25 ne. Katakon gaba na ta jere siriri ne, yatsun hagu kan ƙarfe suke, kafin a kai rabin zagaye ƙarfen ya fara ƙuna. Na ta sama-da-ƙasa ya rungume bututun ƙasa, hannu ba ya taɓa ƙarfe. Shi ya sa in ka kalli harbin tiraf da sikit, wasannin faifai biyu, a gasar Olamfik, ta sama-da-ƙasa ce a kafaɗar kusan kowa.

Ta jere ba ta rasa nata ba. Ta fi sauƙi, galibi wajen kilo 3, alhali ta sama-da-ƙasa kan kai kilo 3.3 zuwa 3.6, na gasa zalla ma su wuce haka. Wanda zai wuni yana hawa da sauka a duwatsun Filato zai ji wannan bambanci a kafaɗarsa kafin la'asar. Ba ta kuma buɗewa da nisa in an karya ta, ɗuri ya fi sauri a wuri mai matsi. Sai dai sauƙin nan shi ne ke ƙara naushi. Maƙeran Ingila na da tsohuwar ƙa'ida cewa nauyin bindiga ya ninka nauyin dalmar harsashi sau 96. Dalma giram 32 ke nan tana son bindigar da ta haura kilo 3 kaɗan. In ta gaza haka, naushi ɗaya ko biyu ba komai, amma hamsin a jere sai mutum ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari. Kilo 3.3 shi ne tsaka-tsakin da zai yi maka aiki biyun.

Maganar kunama tana son a tsaya a kanta. Yawancin na jere kunama biyu gare su: ta gaba ta harba bututun dama mai buɗaɗɗen baki, ta baya ta harba na hagu mai matsattsen baki. Fakara ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarka, ka ja ta gaba. Zabo ya tashi can nesa, yatsa ya koma ta baya, ba ka taɓa wani maɓalli ba. A farauta wannan babbar riba ce, kuma kayan cikinta kaɗan ne, ba ta yawan lalacewa. Ta sama-da-ƙasa galibi kunama ɗaya ce da ɗan maɓallin zaɓen bututu, kuma iri biyu ce. Akwai wadda naushin harbin farko ne ke ɗana na biyu. In harsashin farko ya ƙi tashi, ko ka riƙe gindin sako-sako, ko dalmar ta yi sauƙi da yawa, sai ka ja na biyu ka ji shiru. Akwai kuma wadda jan kunamar da kansa ke ɗana na biyu, ba ruwanta da naushi. Ka tambayi dillali wacce ce, ka fi son ta biyun. Masu arha na kunama ɗaya, in sun ci, wani lokaci sukan saki bututu biyu a tare. Wadda ta taɓa yin haka a ajiye ta sai mai gyara mai izini ya duba.

Abin da ya yanke hukunci a wurinmu shi ne cok, wato matsin da ke bakin bututu. Ana auna shi da yawan ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 76 daga nisan mita 36: bakin da ba matsi kashi 40 cikin ɗari, ɗan matsi kashi 50, rabin matsi kashi 60, cikakken matsi kashi 70. Tsofaffin na jere matsinsu a jiki yake, sau da yawa rabi da cikakke, wanda ya yi tsauri ga faifan da ake harbi a mita 20, kuma ya dagargaza naman tsuntsun kusa. Sababbin na sama-da-ƙasa kan zo da cok uku zuwa biyar na murɗawa. Farautar fakara, sa ɗan matsi a ƙasa, rabi a sama. Zabon rani, da ke hango ka daga nesa bayan an ƙone ciyawa, rabi a ƙasa, cikakke a sama. Faifan kusa, a buɗe duka. Abu uku ke ɓata cok: harbi babu shi a ciki, wanda ke cinye zaren murɗin, barinsa ya saki, hayaƙi ya shiga bayansa ya kumbura bakin, da barinsa damina guda ba maiko, tsatsa ta manne shi. Ƙwayar ƙarfe kuma kada ta bi ta matsin da ya wuce rabi.

Geji 12 muka zaɓa domin harsashinsa ya fi samuwa kuma ya fi iri-iri. Giram 24 ko 28 na lamba 7.5 (lamba tana nuna girman ƙwayar dalma) don faifai da kurciya, giram 32 na lamba 6 don fakara da zomo, lamba 5 ko 4 don zabo. Ka duba milimitar da ke jikin kwali, domin lamba 6 ta Amurka milimita 2.8 ce, ta Ingila kuwa 2.6. Ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, ya zama na milimita 76, zai ɗauki harsashi mai tsawon 70 da mai tsawon 76. Akasin haka haɗari ne: tsawon da aka rubuta na kwanson da ya riga ya buɗe ne, don haka na 76 zai shige ɗakin 70 lafiya lau, sai wajen tashi ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Kuma kada harsashin geji 20 ya kwana a aljihu ɗaya da na 12. Yakan zurma cikin bututu ya maƙale, a ɗura na 12 a bayansa, bututu ya fashe daidai inda hannun hagu yake.

Kan suna, Beretta 686 ta Italiya da Browning B525 sun daɗe suna jure harbi mai yawa. Baikal ta Rasha ba ta da ƙyale-ƙyale amma tana da juriya, na Turkiyya irin su Huglu da Yildiz kuma sun fi sauƙin kuɗi. Duk da haka dacewa da jiki ta fi suna. Tabbatar babu harsashi, rufe ido, ɗora ta a kafaɗa kunci na kan katako, sannan ka buɗe. In idonka na kan tsakiyar layin bututu, ta dace. In sai ka karkata wuya, nemi wata. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi wajen santimita 36 ne ga matsakaicin mutum, ka gwada da rigar da kake sawa a sanyin Disamba.

In ta hannu ce, cire katakon gaba ka girgiza ta. In ka ji motsi tsakanin bututu da jiki, ta saki. Rataye bututun a yatsa ka ƙwanƙwasa: mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya rabu kuwa sai ya yi dum. Leƙa ciki a haske don ramukan tsatsa da lotsewa. Wadda aka datse wa bututu ka bar ta, doka ma ta hana rage shi ƙasa da inci 20. Bayan haka sai gwajin takarda a wurin da aka amince, da toshin kunne da tabarau: kowane bututu da takardarsa, daga mita 36. Giram 32 na ƙwayar milimita 2.8 yana da ƙwayoyi wajen 250, rabin matsi ya kamata ya zuba kimanin 150 a da'irar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsakiyar tarin biyu ta faɗi wuri ɗaya. Masu baki biyu na arha nan suke faɗuwa, ɗaya ya harba ƙasa, ɗaya gefe, kuma gyaransa ya fi ƙarfin yawancin masu gyara.

Yanayin Jos na da nasa sharaɗi. Da hunturu maiko kaɗan ake sawa, domin in ya haɗu da ƙura yakan daskare a ramin allurar da ke bugun harsashi, ta buge shi da rauni. In ka ja ka ji shiru, bar baki a inda ba kowa na daƙiƙa 30 kafin ka karya ta. Da damina kuwa laka ce abin tsoro, duk sanda baki ya taɓa ƙasa a karya a leƙa. Kada a yi harbi kan dutse ko saman ruwan tafkunan kuza, ƙwaya na tsalle, kuma ƙananan ma suna wuce mita 200. Pandam da dajin Amurum wuraren kariya ne, ba a farauta a ciki. Ga kuma halin tsaro: lasisi a aljihu, bindiga a karye cikin jaka a kan hanya, mai unguwa da mai gona su san da zuwanka tun kafin ka shiga.